Fankar da Ke Tashi Ranar Juma'a

In kana neman Maharazu mai wayarin a Daura, kada ka wahalar da kanka da tambayar sunansa. Ka bi hanyar Mai'adua, ka ce a nuna maka rumfar Ba-a-dairek. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni Laraba na goya shi, kuma ni ke sayar da shinkafa da wake a jikin garejinsu. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Tun yana rarrafe ba ya barin waya ta zauna lafiya. Rediyon Baba ya farke ta, tocilan Inna ya farke ta, har agogon maƙwabta bai tsira ba. An yi duka an gaji. Inna ta yi ta ɗura masa rubutun natsuwa ƙoƙo-ƙoƙo har bakinsa ya yi baƙi, yaro yana nan yadda yake. Daga ƙarshe Baba ya ce tunda abin a jininsa yake, a kai shi inda farke abu sana'a ce. Aka kai shi gareji. Can ya koyi wayarin, can kuma ya koyi feɗe waya da haƙori, har yau akwai giɓi a haƙorinsa na gaba daidai kaurin wayar fanka.

Sunan Ba-a-dairek kuwa taurin kai ya jawo masa. A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, motocin Beljiyam sai shigowa suke ta kan iyakar Kongolam. Al'adar gareji ita ce, mota tana isowa a ce ai don ƙasar sanyi aka yi ta, a ɗaure wayar fanka kai tsaye, da an murɗa makulli ta tashi, ba hutu sai an kashe mota. Wannan shi ne dairek. Maharazu ya ce shi sam. Ya ce akwai wani ɗan ƙarfe a jikin inji, sensa, shi ke jin zafin ruwa ya gaya wa fanka ta tashi, in ya huce ya ce mata ta kwanta. Wanda ya tsallake sensa, in ji shi, bakin mara lafiya ya toshe ya ce ya warke. Direbobi suka yi ta fushi suna tafiya, kuma suna dawowa in fankar ta ƙone.

A gaban mota ƙanen nan nawa bakinsa ba ya hutawa. A gaban mace kuwa, kai, sai ka tausaya masa. Ya haura talatin ba aure, ni har na fara jin kunyar zuwa biki. Sai Allah ya kawo Siddiƙa, bazawara, malamar Islamiyya, 'yar Alhaji Dabo mai fataucin shanu a Mai'adua. Ta zo cikin motar babanta, ta leƙo ta taga ta tambaye shi me ya sa ba ya yin dairek. Wallahi har shinkafata ta kama yana mata bayani, ita kuma tana saurare kamar ana tafsiri. Na ce alhamdulillahi, an samu mai irin ciwonsa.

Matsalar ita ce motar. Wata Beljiyam ce mai launin toka, kuma tana da wani hali da ba a taɓa gani ba. Ranar Juma'a, Alhaji zai ajiye ta a bakin masallaci ya kashe ya zare makulli, ana tsakiyar huɗuba sai fanka ta tashi da kanta, buuu, ba ta tsayawa sai ta shanye batir. A idar da salla, a ga Alhaji da babbar riga ana tura shi. Ranar Lahadi kuma, ranar kasuwar Mai'adua, lokacin da ake son ta tashi, sai ta yi gum, lagireto ya tafasa, tururi ya turnuƙe tsakiyar karar shanu. Mutane suka fara cewa motar Alhaji Dabo tana da mutanen ɓoye, kuma masu zuwa Juma'a ne.

Maharazu ya gwada fankar daga batir, lafiyarta ƙalau. Ya canja fis. Ya canja rile, ɗan akwatin nan da ke kunna ta. Ya canja sensa sukutum. Kullum in ya zare soket ɗin da wayoyin sensa ke shiga, sai ya tarar da wani baƙin abu ya daskare a ciki. Ya ɗauka ƙonewa ce, ya goge, ya mayar, mota ta tafi lafiya. Juma'a na zagayowa, buuu.

Ran da aka kawo ta karo na ban-san-nawa ba, Alhaji ya fito yana gumi, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne aka ce min kana son Siddiƙa?"

"Ni ne, Alhaji."

"Wanda ya kasa riƙe fanka, mace zai riƙe? Ga mota nan. In ta sake yi min waƙa a masallaci, kada in ga ƙafarka a ƙofar gidana."

Yana tafiya na yar da ludayi na yi kan Maharazu. Na ce don girman Allah ka yi dairek ɗin nan sau ɗaya a rayuwarka, wa zai sani? Ya ce, "Yaya, ni zan sani." Ka ji min ɗan banza. Na ce to ka auri sensa, ta haifa maka rile. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na riga na ɗinka atamfar bikin a zuciyata.

Bai kula ni ba. Ya ce wannan karon soket ɗin gaba ɗaya zai yanke ya sa sabo. Ya yanke, ya kai wayar baki zai feɗe ta kamar kullum, sai na ga ya tsaya cak. Ya tsotsi haƙori. Ya sake lasa. Ya dube ni da wani irin ido.

"Yaya, ɗanɗana."

"Allah ya kiyaye. Haukan ya kai nan?"

"Wannan ba ƙonewa ba ce. Tawada ce. Ga ƙaro ina ji, ga gawayi. Rubutu ne, irin na Inna."

In akwai wanda ya san ɗanɗanon rubutu a ƙasar Daura, to shi ne. Nan take ya warware min: in ruwan tawada ya shiga soket, sai ya haɗa wayoyin nan biyu, mota ta ɗauka inji yana ci da wuta, fanka ta tashi ko an kashe ta. In ya bushe kuma sai ya yi ɓawo ya toshe hanya, sensa ya yi ta kira ba mai ji. Jiƙa ranar Juma'a, bushewa ranar Lahadi. Abin da ya rage, wa ke shayar da mota rubutu?

Ya sa sabon soket, aka mayar wa Alhaji motarsa. Da yamma ya hau babur ya je zance ya tambayi Siddiƙa. Ya ce min ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta faɗa masa. Kakarta ce, Iya Hadijatu, mahaifiyar Alhaji. 'Ya'yanta maza biyu ne, Dabo da ƙanensa Hamma. Hamma a mota ya rasu, a hanyar Mashi. Tun daga nan duk Juma'a sai ta sa an wanke allo ta ba Dabo ya sha. Da ya fara zuwa wa'azi ya ce shi ya daina shan rubutu, addu'a ta isa. Iya ba ta yi gardama ba. Ta ce tunda mai motar ya ƙi, motar ta sha. Duk matan gidan sun sani, ba wadda ta taɓa kawowa a ranta cewa rubutu yana taɓa fanka.

To ga tsaka mai wuya. In ya gaya wa Alhaji, ya haɗa ɗa da uwa, ya kunyata tsohuwa. In ya furta a gareji cewa rubutu ne ke lalata mota, a shekarun nan da kowa ke auna maganarsa, kafin la'asar an ce Maharazu ya raina aya. In kuma ya yi shiru, Juma'a tana tafe.

Ya ce in raka shi. Ranar Juma'a da sassafe na ɗare bayan babur, ya kwashe ni sai Mai'adua, ina riƙe da mayafi ina salati. Siddiƙa ta shigar da mu. Alhaji ya koma barci bayan asuba. Ikon Allah, ga tsohuwa 'yar firit a gaban mota, ta buɗe bonet da kanta, ta tokare shi da sandarta, ƙoƙo a hannu. Saura ƙiris ta zuba.

Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta dubi Maharazu.

"Kai ne mai gyaran da ba ya gyaruwa?"

"Ni ne, Iya."

"Me ya kawo ka da farar safiya?"

Na ce yau za mu sha kunya, don na san bakinsa a gaban mata. Sai na ji ya ce, a hankali, "Iya, wannan wurin da kike zubawa, kunnen motar ne. Da shi take jin zafi. In ruwa ya shiga sai ta rikice. Ba laifin abin da ke cikin ƙoƙon ba ne, ƙarfe ne ba shi da cikin da zai riƙe shi."

Iya ta dubi ƙoƙon da ke hannunta. Ba ta da wauta ko kaɗan, nan take ta gane.

"Wato ni ce nake tsayar da shi a hanya."

"Ba ki sani ba, Iya."

"Ɗaya hanya ta cinye min. Wannan ya ƙi sha. Yanzu ka ce motar ma ba ta sha. To wa zan ba?"

Ni da nake cika baki, hawaye suka zo min. Maharazu ya miƙa hannu biyu.

"Ni ki ba. Ni ke taɓa wayoyinta. In na sha ya shiga hannuna, hannuna ya shiga motar."

Ta dube shi. "Ƙoƙon nan ba a ba baƙo," in ji ta. "Na 'ya'yan gidan nan ne."

"In kin so, Iya."

Ta miƙa masa. Ya yi bismilla ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙoƙo. Ya ɗago baki baƙi ƙirin, yana murmushi da giɓinsa, ya ce nata ya fi na Inna ƙaro. Siddiƙa ta toshe baki da hijabi ta ruga ɗaki. Iya ta zare sandarta, bonet ya faɗo gwaram, ƙarar ta fito da Alhaji ba hula, yana tambayar lafiya.

"Lafiya lau," in ji Iya. "Dabo, yaron nan ya sha a ƙoƙon Hamma. A sa rana."

Alhaji ya buɗe baki, ya dubi bakin Maharazu, ya dubi uwarsa, ya rufe. Ya ce to sai an ga abin da motar za ta yi a masallaci. Ranar nan a Mai'adua na tsaya, na aiki yara su tsaya min kusa da ita. Aka yi huɗuba, aka yi salla, aka shafa, mota ko tari ba ta yi ba. An ce wasu har haushi suka ji, sun saba.

Na yi guɗa a bikin nan har muryata ta dishe. Alhaji bai taɓa sanin abin da ya faru ba, ko kuma ya sani ya haɗiye, don mutum ne mai wayo. Abin da yake faɗa a kasuwa shi ne surukinsa ba ya dairek.

Motar an daɗe da sayar da ita, tana can Zinder ko ina. Amma Maharazu bai fasa ba. Duk Juma'a da safe sai ya rufe rumfa ya hau babur ya tafi Mai'adua, ya dawo da baƙin baki, direbobi suna tsokanarsa. Iya ba ta taɓa tambayarsa ina motar ba. Da tsufa ya ci ƙarfinta, in ya yi sallama sai ta ce, "Hamma, ka iso lafiya?" Shi kuma ya durƙusa ya ce, "Lafiya lau, Iya, hanya ta yi kyau." Haka ya yi ta amsawa har ranar da aka kai ta makwancinta.