Sallamar Tizhe

Har yau ban manta da wata Alhamis a ofishinmu na Mubi ba. Shekarar da aka yi ƙuri'ar raba gardama ta biyu kan makomar yankinmu ce, ina akawun da ke riƙe da fayil ɗin ma'aikata. A wancan zamani ko Mayo Bani za ka kwana, sai takardar izininka ta bi ta teburina, babban akawu ya sa hannu.

Muna da wani ƙaramin akawu, Tizhe, mutumin Michika, mai barkwanci. Da damina matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. Ya dawo aiki ya daina magana, ya rame, abinci ma sai an matsa masa. Mu kuwa abin da muka iya kawai shi ne, "Haƙuri, kai namiji ne."

Ran nan sai ga shi fes da shi, har da murmushi. Ya bi tebur-tebur yana neman gafara, yadda mai tafiya yake yi. Ya ba masinja hularsa, ni ya ajiye mini alƙalaminsa.

"Malam Sani, in na taɓa yi maka laifi, ka yafe mini."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Allah ya kiyaye hanya," na ce, ko kai ban ɗaga ba.

Wallahi har daɗi muka ji, muna cewa yaro ya warware. Sai bayan azahar na jawo fayil ɗinsa don in rubuta ranar dawowarsa. Babu takardar hutu, babu ta canjin wurin aiki. Na tambayi babban akawu, ya ce, "Ai na ɗauka kai ka san inda za shi." Mu tara muka yi masa addu'ar hanya, babu wanda ya tambaye shi ina za shi.

Ban nemi izinin kowa ba na hau keke sai unguwar Nassarawo, inda yake zaune. Na tarar ya share ɗaki, ya ƙulle kayan matarsa, yana zaune a ƙasa. Na ce, "Tizhe, kashe kanka za ka yi?"

Ya dube ni ya ce, "E. Na gaji, Malam."

Na zauna kusa da shi, ban yi masa wa'azi ba, na bar shi ya yi ta kuka yana ba ni labarinta. Na roƙi maƙwabciyarsa ta kira kawunsa da fastonsu. Washegari muka kai shi wurin likita, kawun ya dawo ɗakin da zama har wata uku.

Tizhe ya yi ritaya yana babban akawu, da jikokinsa. Ku da ke kan teburan nan yanzu, idan wanda ya daɗe cikin baƙin ciki ya zo muku da sallama, ku ajiye biro ku tambaye shi ina za shi. Alƙalamin nan na mayar masa da shi ran Litinin, na ce ya zauna, akwai aiki.