Kafintan da Ke Auna Mai Girki

An ce wata gajeriyar tsohuwa ce ta taɓa kayar da kafintan nan. Ya kafa mata kantar kicin daidai tsayinsa, yana cika baki wai haka ake yayi. Ta ce, "To ɗan nan, sai ka tare a gidan kana sauko mini da gishiri." Ranar ya kwance aikinsa.

Ga shi yau a ƙofar shagonsa, dogo kamar falwaya, fensir a bayan kunne, ba ka bambance furfurarsa da garin katako. Da gani bakin mata ya koya masa abin da ubangidansa bai koya masa ba.

Wani mai tumbi na tsaye kansa da hoto a waya. A ganinsa gyaran kicin ƙyalli ne kawai, a toshe taga a jera kanta har rufi. Matarsa ko labari ba ta da shi. Kafinta ya ce ba zai taɓa aikin ba sai ya ji ta bakin matar gidan.

"Gidana ne ko nata?" in ji mai tumbin, yana shirin tafiya da aikinsa.

Kafinta na naɗe tef ɗin awo a hankali. "Ranka ya daɗe, kai da kicin ƙamshi ne kawai ya haɗa ku. Kawo mai shan hayaƙin in auna tsayinta."