Shafi Ɗaya, Na Yi Shi a Shafi Ɗaya

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa ya nufa. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokiyar aikinmu, wadda duk ofis ke kira Hajiya Shafi Ɗaya, bayan jinyar wata biyu.

Yaya Hajiya, ta'aziyyarki na zauna rubutawa, amma albishir ke cina. Ki yi haƙuri in faro daga farko. Kin san halina.

Shekara shida ke nan da kamfaninmu ya yi wa ƙananan asibitoci manhajar shigar da maganin marasa lafiya a kwamfuta. Ni na rubuta littafin bayaninta: shafi ɗari uku da goma sha biyu, da gabatarwa, da godiya. Ina ji da shi kamar ɗan fari. Sai asibitocin suka aiko cewa ma'aikatan jinya sun kasa gane kan manhajar, wata guda suka ba mu, ko su koma takarda da biro.

Na ce a ƙara babi. Ke kuwa kika ɗauki jakarki kika ce, "Farfesa, taso mu je mu gaida littafinka."

Muka same shi a ɗakin haihuwa na ɗaya daga cikin asibitocin, an tokare ƙafar tebur da shi. Babbar ungozoma ta ce, "Wallahi yana da amfani, Malam. Tun da ya zo tebur bai ƙara rawa ba."

Ba ki yi dariya ba sai da muka fito. Kwana uku kika yi a kan benci kina kallon hannuwan mutane. Kika ga ungozoma na sanye da safar hannu, a tsaye take aiki, ba ta da hannun buɗe littafi. Kika rubuta mata matakai biyar a shafi ɗaya, aka lulluɓe shi da leda, aka manna a bango daidai idonta. Tsohon mai ba da magani idonsa ya yi rauni, kika buga masa nasa da manyan baƙaƙe. Direbobin motar asibiti kuwa saƙon murya kika yi musu, na minti guda. Da na kawo shawarar bidiyo, kika ce, "Farfesa, mai tuƙi zai kalli hanya ne ko zai kalle ka?" Kafin wata ya cika, asibitocin sun janye maganarsu. Littafina ma ba ki yar da shi ba, kika miƙa wa masu gyaran kwamfuta, kika ce su ne ke da kujera da lokaci.

Da ciwo ya kwantar da ke, damuwarki ɗaya ce. Sabuwar manhaja za ta fito, an sauya wurin shigar da adadin magani, takardar bango ta tashi aiki. In ba a sake ta daidai ba, wata rana a ba wani allura sau biyu. Kuma ba wanda ya rage ya rubuta sai ni. Da na zo duba ki, kika kalle ni kika ce, "Allah Ya rufa wa marasa lafiya asiri."

Bayan rasuwarki mijinki ya kawo mana bayanin aiki da kika bar wa kowannenmu. Manaja, da ba ya karanta abin da ya wuce layi uku, layi uku ya samu. Masu rubuta manhaja suka samu zane. Ni kuwa shafi arba'in, ɗinkakke, da gabatarwa, kan yadda ake rubuta shafi ɗaya. A bangon littafin kika rubuta: "Kai ba ka yarda da magana sai ta yi nauyi a hannu." Na yi dariya, na yi kuka, na karanta shi sau uku.

To ga albishir ɗin. Na rubuta! Sau goma sha ɗaya ina yagawa, amma na rubuta. Jiya na kai ɗakin haihuwa na manna, na koma kan bencinki ina kallo. Wata sabuwar ma'aikaciya ta ɗaga kai ta duba, ta shigar da magani daidai, ko waiwayo ba ta yi ba. Babbar ungozoma ta ce, "Ashe Hajiya ta gama wannan kafin ta tafi?" Ban gyara mata ba.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sauƙaƙa miki tambaya kamar yadda kika sauƙaƙa wa bayinSa aiki. Ga maigidanki, da 'ya'yanki huɗu, da mahaifiyarki, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.