Ranar da Surukina Ya Daka Mini Tsawa

Tun da na yi furfura mutum biyu ne suka taɓa daka mini tsawa. Na farko wani direban bas ne a titin Liuhua na Guangzhou, shi kuwa ban ji abin da ya ce ba, don haka na yafe. Na biyu surukina ne, mijin 'yar farina, kuma ni na roƙe shi ya yi. Zan faɗi yadda aka yi, don 'yan majalisarmu sun fara zuba wa labarin gishiri, har ana cewa wai na yi kuka a sama. Ban yi kuka ba. Iska ce ta shiga idona, kuma a can sama iska ba ta da wani aiki sai wannan.

Karatuna aji huɗu ne, sai allo. Sauran ilimin a yatsu yake. Tun ina saurayi a Kwari nake taɓa yadi, na kuma shekara ashirin da ɗoriya a Guangzhou ina zaɓar wa mutanen gida kaya. Lawban, wato mai shago, ya shimfiɗa mini bandir, in murza sau biyu, in ce masa wannan rinin zai zuba a wankin farko. Ya ce meyo, meyo, wato babu. In ce akwai. Ya yi dariya ya shiga ciki ya fito da na kirki. Wannan ita ce sana'ata, kuma ban ga ta tsufa ba.

Abin da ya tsufa gwiwa ce, ta hagu. Ɗakina yana hawa na shida, gidan kuma ba lif. Wata rana wani ɗan garinmu mai dogon baki ya same ni zaune a hawa na uku. Waya nake dubawa. Kafin la'asar labari ya isa Kano cewa an tsinci Baba a matakala ya kasa hawa. 'Ya'yana suka yi taro a waya ba tare da ni ba, suka yanke hukunci: in tattara in dawo gida in huta. Na san wannan hutun. Farar kujerar roba ce a ƙofar gida, a zaunar da kai kana amsa gaisuwa, ana kawo maka kunu, in ka miƙe a ce ina kuma za a. Abokaina uku sun hau ta. Ban ga wanda ya sauko da ƙafarsa ba.

Da suka ga ba na ɗaukar wayarsu, sai suka turo wanda ba zan iya zagi ba. Surukina matuƙin jirgin sama ne, ba irin wanda ake cika mu ciki kamar buhunan albasa ba. Ƙaramin jirgin wani attajiri yake tuƙawa. Attajirin ya zo baje kolin kaya, za su kwana shida su juya, an kuma roƙa mini kujera a ciki. Kyauta ce, wai, don a girmama ni. Akuya ma kyauta ake ɗaukarta zuwa mahauta.

Sai an san yadda muke da shi za a gane sauran zancen. Shekara goma sha ɗaya yana auren yarinyar nan, ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Tun daga bakin ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Mutumin da ke magana da filayen jirgin duniya da Turanci, in ya zo gabana sai muryarsa ta koma ta kyanwa mai mura. Ni kuma ina ce masa Kyaftin, don sunansa ba ya fita a bakina.

Ya hawo benen nan shida da wata ƙatuwar jaka a baya, ya ajiye, ya durƙusa yana haki. Na lura da hakin, na adana. Ya isar da saƙo.

"Baba, cewa aka yi in an shirya, ranar Alhamis za a tashi."

"Wa zai shirya?"

"Ku, Baba."

"To, Allah ya kai ku lafiya."

Sai idona ya sauka a kan jakar. Zif ɗin ya ɗan buɗe, wani jan ƙyalle ya leƙo. Hannuna ya riga ni zuwa. Na murza, na sake murzawa. Ban taɓa jin irinsa ba: shara-shara kamar ɓawon albasa, amma an gitta masa zare a ciki, gida-gida, yadda ko ya huje ba zai ci gaba da yagewa ba. Na duba ɗinkin, layi uku, ba inda allura ta yi tsalle.

"Kyaftin, wannan na wace amaryar ce?"

Nan ya fara in'ina. Laima ce, in ji shi, ta tashi sama. A hau kan dutse a shimfiɗa ta, a ɗaura igiyoyinta a jiki, a ruga da gudu har ƙasa ta ƙare. Ba inji, ba mai. Gobe da safe zai je wani dutse a bayan gari inda masu wannan abin suke haɗuwa.

Na ce ashe wanda ake biyan ka ka yi bai ishe ka ba. Ya ce ai a jirgi gilashi ne da na'urori, ya yi shekara da shekaru a sama bai taɓa jin iska a fuskarsa ba. Ya ce duk matuƙan jirgi haka suke. Abokin tuƙinsa nutso yake yi cikin teku da tukunyar iska a baya. Wani yana manne wa jikin duwatsu kamar ƙadangare. Wani babur yake kaiwa cikin rairayi ya ɓace kwana uku. Na ce lallai, Allah ya sauke ku lafiya, ku kuma ku tafi neman inda ba a sauka lafiya.

Sannan na yi tambayar da ta dace.

"Ita matarka ta sani?"

Ya kalli yatsun ƙafarsa. A cikin jirgi yake ajiye jakar, ba ta taɓa kwana a gidansa ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

"Tana ɗaukar mutum biyu?"

"Wannan tana ɗauka, Baba. Amma..."

"To ga ciniki. Gobe ka tafi da ni. In ƙafar nan ta kasa gudun da kake faɗa, ranar Alhamis ni ne farkon hawa jirginka. In ta yi, ka koma ka gaya musu abin da ka gani. In kuma ka ƙi tafiya da ni, yanzu zan buga wa matarka in yaba mata kyan yadin."

Bayan asuba muka ɗauki mota, muka ratsa unguwar Tianhe benaye suna ta shigewa cikin hazo, muka yi tafiyar kusan awa biyu har gonakin ayaba suka karɓe hanya. Wata ƙaramar mota ta hau da mu kan dutsen. Can sama fili ne mai gangara, an shimfiɗa masa koren kafet, ƙarshensa kuma babu komai. Na leƙa sau ɗaya, na ga ba sai na sake ba.

Mai kula da wurin mace ce, gajera, rana ta ƙona ta. Ta san Kyaftin, ta duba takardunsa, ta dube ni, ta dubi gwiwata. Ta ce in ina so ita za ta ɗauke ni, ta fi shi sanin iskar dutsen. Sai a lokacin na gane tsarin. Fasinja a gaba yake, matuƙi a baya, an ɗaure su tare, bayanka a ƙirjinsa, kusan a cinyarsa kake zaune. Wato zaɓi biyu gare ni: cinyar matar mutane ko cinyar surukina. Na duba ilimina na allo kaf ban ga babin da ya yi maganar wannan ba. Na ce mata shiye-shiye, wato na gode, na nuna Kyaftin. Da haram da abin kunya, ai abin kunya ya fi sauƙin kwancewa a lahira.

Aka raba ni da babbar riga, aka ba ni aron takalmin kambas, aka kifa mini hular kwano. Shi ya ɗaura mini maɗaurai a cinya, yana ta ba ni haƙuri. Kafin a ɗaura, sai da na bi ɗinkin laimar nan da yatsa daga wannan kunne zuwa wancan. Matar ta ce lokaci na tafiya. Na ce ita ta san iska, ni na san yadi.

Doka ɗaya ce: in ya ce gudu, in ruga, kada in tsaya, kada in zauna, ko da ƙasa ta ƙare. Muka tsaya muna jiran iska. Wani ƙyalle da suka ɗaura a sanda ya miƙe. Na ji laimar ta tashi a bayanmu, ta fizge ni baya. Sai na ji wata 'yar murya a bayan kunnena.

"Baba, in ba damuwa, da an ɗan taka..."

Wanda aka ce wa in ba damuwa, ai tsayawa yake ya duba ko akwai damuwar. Na juyo in ji me yake cewa. Laimar ta wuce kanmu, ta karye, ta rufto mana. Muka yi ƙasa tare muka gangara, ni a ƙasa, shi a sama, jan yadi ya lulluɓe mu kamar kayan lefe. Wasu samari 'yan ƙasar suka zo suka tono mu.

Abin da ya fara yi bayan ya tashi shi ne durƙusawa.

"Baba, a yi haƙuri. A bar shi haka. Na ga an yi ƙoƙari."

Wannan kalma ta ƙoƙari ita ta tayar mini da hankali. Ita ake faɗa wa mutum kafin a kawo farar kujera. Gwiwar tana zugi, ba zan ɓoye ba, amma ba ita ta kayar da mu ba.

"Tashi, Kyaftin. In jirginka zai faɗi, haka kake ce wa abokin tuƙinka, in ba damuwa?"

"A'a, Baba."

"To ladabinka ya kusa kashe mu. Ajiye shi nan kusa da rigata, in mun sauka ka ɗauka. Ka taɓa korar jaki daga gona?"

"Na taɓa."

"Da wannan muryar nake so."

Matar ta matsa gwiwar, ta sa na taka gaba da baya, ta ɗaga yatsa ɗaya: sau ɗaya ya rage mini. Aka sake shimfiɗa laimar. Na yi bisimilla. Ƙyallen ya miƙe, igiyoyi suka ja.

"Gudu! Gudu, tsoho! Kar ka zauna mini! Gudu na ce!"

Rabona da gudu tun wata gobara a kasuwa. Dattijo ba ya gudu, balle a gaban suruki. Amma ƙafafun nan ba su nemi shawarata ba. Taku ɗaya, biyu, ta hagun tana ihu, biyar, shida, sai na ga ina ta taka abin da babu. An ce na ci gaba da gudu a sama har muka yi nisa. Ba wanda ya ce in daina.

Abin da ba a gaya mini ba shi ne shirun. Iska kawai ke wucewa ta cikin igiyoyi. Ƙasa ta shimfiɗu kamar an baje atamfa a kanti, kore da ruwan ƙasa, tafkunan kifi suna walƙiya, wata shirwa tana shawagi ƙasa da mu, ina kallon bayanta. Shekara ashirin ina garin nan ban ga komai ba sai shaguna da kwantena. Na ɗaga kai na dubi ɗinkin, yana nan daram. Daga baya muryar kyanwa ta dawo.

"Baba, lafiya dai?"

"Tuƙa abinka. Tsoho na kallo."

Muka sauka a wata gonar shinkafa da aka girbe. Ya ce in ɗaga ƙafafu, na ɗaga, muka zame a kan mazaunai. Ya kwance maɗaurai da sauri, ya ja da baya taku uku, ya durƙusa cikin taɓo. Har muka koma gari bai yarda mun haɗa ido ba.

Da yamma ya buga wa matarsa a gabana. Ina jin muryarta.

"Ya yarda?"

"Baba ba zai dawo yanzu ba. Ƙafarsa lafiya lau. Gudu ma yake yi."

"Gudu? Baban? A ina ka ga yana gudu?"

Ya dube ni, karo na farko a shekara goma sha ɗaya. Na karɓi wayar.

"Bas muka biyo, yarinya. Mijinki na tsere wa."

Ranar Alhamis jirgi ya tashi. A kujerar da aka roƙa mini na sa an ɗora ƙunshin leshi, turmi shida, na zaɓa da hannuna, a kai wa 'yata.

Gwiwar ta kumbura kwana tara, ban gaya wa kowa ba. Wata biyu bayan nan na koma wani ɗaki a hawa na biyu, kuma saboda ya fi kusa da masallaci ne, duk wanda ya ce wani abu daban ƙarya yake. Zan koma gida, ban ce ba zan koma ba. Ranar da na murza yadi na kasa gane na banza, ni da kaina zan sayi tikiti, gefen taga. Kafin nan su ba wa baƙi farar kujerar.

Shi kuwa Kyaftin har yau durƙusawa yake, murya ƙasa-ƙasa. Duk zuwansa sai ya hawo da goro ya ce a yafe masa kalmar nan. Ina karɓar goron. Ban yafe ba tukuna, don na ji an ce abokin tuƙin nasa yana da tukunyar iska ta biyu.