Irin da Gado Ya Ba Ni

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar Gado, taubashina, ɗan gwaggona. Jama'a na ta cewa in yafe. Allah ya jiƙan shi, wannan na faɗa da zuciya ɗaya. Sauran kuwa ku zauna ku ji.

Lokacin da Nasara suka naɗe kayansu muka sami mulkin kai, Gado ya dawo garinmu Dumega daga cin rani a Yamai, inda ya yi ban ruwa a lambun wani Bature. Abin da ya zo da shi ƙullin iri ne na furen nan mai bin rana, wanda 'yan lakkol, wato 'yan boko, ke ce ma turnasol. Ya shuka bayan gida. Wallahi kan kowane fure ya kai faifai, in na rage to ya kai marfin tukunya. Ya ɓarje 'ya'yan, ya soya cikin rairayi mai zafi kamar gujiya, ya barbaɗa gishiri. Ranar kasuwar Tibiri har fadawa layi suke yi, da kuɗin ya sayi keke.

A Arewa ba a hana iri, ko maƙiyinka ya roƙa sai ka ɗebo. Na je na roƙa. Ya cika mini ƙwarya, har yana cewa, "Bawana, shuka da yawa, baɗi kai ma ka yi keke."

Rabin gonar ubanmu na hana wa hatsi. Na kira gayya, matata Hajo ta dama fura ta cika masaki. Ruwa ya sauka, gonar kowa ta yi kore, tawa kamar kan tsohon liman. Da na gaji na tona rami, na jefa ƙwaya ɗaya a baki. Soyayya ce! Lokacin shukar hatsi kuma ya wuce.

Na kai ƙara wurin mai gari, aka bushe da dariya. "Wasan taubashi ne, wa ke shari'ar shi?" Gado na gefe yana tofar da ɓawo. Shekarar nan rumbuna ya ƙare tun kafin zafi, Hajo ta kai yara gidansu suka ci, ni ina noman ƙwadago a gonakin mutane. Har da ta Gado.

Yau na ga turnasol cikin leda a kantunan Dogon Dutsi, yara na ci suna tofarwa. Da Gado na nan da baƙin ciki ya sake kashe shi, tunda ko ƙwaya ɗaya mai rai bai taɓa bari ta fita gidanshi ba. Ya tafi, furen ya bi shi.

Da ciwo ya kwantar da shi ya aiko mini da gora cike da iri, wai a ce ma bawanshi ya shuka. Na yi kuka, na ce ashe mutumin ya tuba. Bayan sadakar bakwai na buɗe, na saka ɗaya a baki.

Wannan karon har da gishiri.