Tulun da Na Kai Doha

Mun bar gida bayan sallar asuba, ni da ƙanena da ya kai ni filin jirgin Kano a motarsa. Kayana akwati ɗaya ne, sai jakar hannu da na rungume a cinya tun daga ƙofar gida. A cikinta akwai ƙaramin tulu naɗe da zane biyu, da ƙullin kajiji. Na maiɗakina ne, Allah ya ji ƙanta. Wata biyar ke nan da rasuwarta.

'Yarmu ta fari tana aure a Doha. Lokacin rasuwar cikinta ya tsufa, likita ya hana ta hawa jirgi, a waya ta karɓi gaisuwa. Da mijinta ya aiko mini da tikiti in zo in ga jaririya, abu ɗaya ta roƙa. Ta ce, "Baba, ka taho mini da tulun Umma da kajijinta, ka nuna mini yadda take turara shi." Na ce to. Ban gaya mata cewa ban iya ba.

Shekara talatin da ɗaya marigayiya tana turara randa da tulu da kajiji, ruwan ya ɗauki ƙamshin hayaƙi. Gidanmu ya rabu biyu a kansa. Ita da 'yar nan ba sa ƙoshi da wani ruwa sai shi. Ni da samarin gidan kuwa cewa muke kamar an wanke murhu an tace an ba mu. Gorata daban take a firji. Ko sau ɗaya ban taɓa ganin lokacin da ake turarawa ba, sai dai in tarar an gama.

A filin jirgi wani jami'i ya sa na kwance zanen. Ya leƙa cikin tulun, ya shinshina, ya ce, "Alhaji, can ba su da ruwan sanyi ne?" Na ce saƙo ne. Ya dube ni, sai ya mayar da zanen da kansa, ya ɗaure shi fiye da yadda na ɗaura. A cikin jirgi na ajiye jakar tsakanin ƙafafuna. An kawo shinkafa da kaza a ɗan faranti da bai kai tafin hannu biyu ba, na ci, na yi barci kaɗan.

Da muka fito daga filin jirgin Doha, zafi ya tare ni kamar an buɗe tanderun mai burodi. Surukina, injiniya ne a wajen aikin gas, ya sa ni a mota. Na yi ta jiran ramin da zai girgiza mini tulu, har muka isa bai zo ba. Unguwarsu Old Airport, babu dogayen benayen gilashin nan da ake nunawa a hoto. Gidajen haya ne, da kantuna, da ɗakunan cin abinci na Indiyawa. A bakin wani shago ya danna hon, aka miƙo mana shayi mai kauri da suke kira karak, riyal biyu kofi. Na fara juya shi zuwa naira, ya ce, "Baba, in ka biye wa wannan, ko ruwa ba za ka sha ba a garin nan."

'Yata ta durƙusa ta gaishe ni, muka yi wa juna gaisuwar rashi. Ba ta yi kuka ba. Mijinta ya riga ya gaya mini a mota cewa tun ranar rasuwar bai ga hawayenta ba, kuma abin yana damunsa. Ta miƙo mini jaririya, wadda aka mayar wa sunan marigayiya, ta karɓi tulun, ta kifa fuskarta a bakinsa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Kwana uku ina kakkaucewa. Kowace safiya sai ta ce, "Baba, yau ne?" in ce gajiya ba ta sake ni ba. Amma gajiyar ba ta hana ni yawo ba. An kai ni bakin teku, an kai ni wani lambu a Aziziya inda ciyawa take kore shar a tsakiyar hamada. A masallaci na haɗu da Hausawan Zango na Gana, suka karɓe ni kamar mun taso tare. A tsohuwar kasuwa na ga dabino iri-iri, na ga shaho an rufe masa kai da 'yar hular fata, aka ce kuɗinsa zai sayi mota. Ni gawayi kawai na saya, irin dunƙulallen nan da suke ɗora turare a kai.

Rana ta huɗu ta kai jaririya rigakafi, mijinta yana wajen aiki. Na ce bari in gwada ni kaɗai, in ta dawo ta tarar na iya. Na rufe ƙofar kicin, na kunna gawayi huɗu a wata tsohuwar tukunya, na watsa kajiji cike da hannu, na riƙe tulun a sama. Nan da nan na daina ganin bango. Ashe a rufin ɗakin akwai na'urar da take ihu in ta ji hayaƙi. Ta fasa ihu, na duk benen suka amsa. Mai gadi ɗan Nepal ya hawo a guje da tukunyar kashe gobara, maƙwabta suka firfito. Ya tarar da ni ina tari, rungume da tulu. Ya ce, "Khalas, Baba, khalas!" wato ya isa haka, ya zuba wa gawayin ruwa.

Da ta dawo ta ga tagogi a buɗe, ta dubi ƙullin kajijin. Rabinsa ya tafi, kuma shi ne na ƙarshe da mahaifiyarta ta wanke ta shanya da hannunta. Na ce, "Uwata, zauna. Ban iya ba. Ban taɓa gani ba. Kunyar gaya miki na ji."

Ta ce, "Ai dama ba za ka gani ba, Baba. Sai ka fita masallaci da asuba take hura wutar. Cewa take hayaƙin yana sa ka tari."

Ban san wannan ba.

Ta ce tana ƙarama takan leƙo ta gani. Ana ɗauraye tulu a bar shi da danshi, a sa kajiji ƙwara uku kacal a kan garwashi, a kife tulun a kai. Abin da ba ta sani ba shi ne tsawon lokacin da ake barinsa, domin kullum barci yake mayar da ita. Shi take so in gaya mata. Sai na ga ashe wannan ɗin na sani. Ina fita a kiran farko, ina zama bayan salla har gari ya yi haske, kuma duk ranar da na dawo tulu yana cike, an rufe shi da faifai, tsakar gida ba hayaƙi.

Washegari muka yi haka. Ta kunna gawayi ɗaya a baranda, ni da mijinta muka tafi masallaci. Na zauna daidai yadda nake zama a gida. Da muka dawo ta cika shi, ta rufe da faranti tunda babu faifai. Bayan azahar ta ɗebo a kofi, ta kurɓa sau biyu, ta ajiye kofin a hankali. Ta ce, "Ya kusa." Sai kukan ya zo. Mijinta ya ɗauki jaririya ya shige ɗaki. Na zauna kusa da ita, ban ce ta yi haƙuri ba.

Kafin in taho, wani Bature abokin aikin surukina ya zo cin tuwo, aka ba shi ruwan. Ya sha, ya yi dariya, surukina yana fassara mini. Wai a ƙasarsu ana zuba giya a gangar itace da ta taɓa ɗaukar wata barasa mai ƙauri, a bar ta ta daɗe har ta ɗauki hayaƙin. Shi yana sonta, wansa kuwa cewa yake kamar mutum ya lashi toka, kuma shekara da shekaru suna wannan gardama. Na nemi tsari a zuciyata da jin an haɗa ruwan marigayiya da giya. Amma na ce a gaya masa wan nasa ɗan'uwana ne a magana, kuma ina ba shi shawara ya riƙa tsayawa yana kallon abin da ƙanensa yake so, ko ba zai sha ba.

Na bar tulun da sauran kajijin a Doha. Da na iso Kano ƙanena ya ɗauko ni, ramin farko da muka faɗa ya tabbatar mini na dawo. Na ga tituna da teku da shaho mai hula, amma abin da tafiyar ta koya mini a tsakar gidana yake: mutum yana iya zama da wani shekara talatin, ana yi masa alheri kowace asuba, bai sani ba.

Babbar randa tana nan a gindin bango, a bushe tun rasuwar. Na sayo kajiji a kasuwa. Yanzu babu mai yi in na fita, don haka sai na dawo daga masallaci nake ɗauraye ta, in kife, in jawo kujera in zauna. Ina tari, kamar yadda ta faɗa. Samarin gidan suka ce, "Baba, har da kai?" Na ce har yanzu ɗanɗanon murhu nake ji. Shi nake sha.