Magaji Mai Walda da Ramuka Goma Sha Shida

Magaji ɗan masunta ne, amma bai taɓa son taru ba. Yana da shekara sha tara ruwan Kainji ya ci ƙauyensu, sai ya hau Yelwa ya koyi walda wajen masu gyaran injin jirgi. Lokacin da na san shi, shekara biyu da ƙirƙiro Jihar Kebbi, ya yi ashirin da biyar a sana'ar.

Ni ne sakataren ƙungiyar masu kifi a Wara. Mun ba shi aikin rumfar banda ta ƙarfe: ƙafa huɗu, kowace da farantin ƙarfe a gindi, kowane faranti zai zauna kan rodi huɗu da aka dasa a kankare. Damina saura kamar sati uku. In ƙafafun ba su zauna ba, sai an fasa kankare an sake zubawa, mata arba'in da ɗaya kuma su yi banda cikin ruwan sama.

Da na je shagonsa na auna ramukan farantin, sai na ga sun fi rodin faɗi sosai. Kaurin rodi inci ɗaya ba kwata, rami kuwa inci ɗaya da kwata.

"Baba Magaji, ai sun yi yawa! Rabin inci fa."

"Sakatare, kai da tef ɗinka. Ni nika huda ƙarfe a Yelwa, Cindo shi ka dasa rodi a Wara. Ka taɓa ganin hannu biyu sun zo daidai?"

Ya sassaƙa allon katako mai huji huɗu, ya aika wa Cindo birkila ya bi wajen dasa rodin. Allon ya tafi a kwalekwale, ya kwana biyu cikin ruwan gindin jirgi, ya kumbura ya karkace. Cindo bai lura ba, ya dasa abinsa. Sai da kankare ya yi kwana tara na auna: bakwai cikin sha shida sun goce.

Ranar ɗagawa muka tara maza sha biyu da igiya. Hajiya Asama'u, shugabar mata, ta tsaya da hannu a ƙugu.

"Cindo, in ba ta shiga ba, kanka za mu aza kwanon rufin!"

"Hajiya, kan nan ko hula ba ta zama."

Ƙafa ta farko ta sauka lafiya. Ta biyu ma, da ta uku. Ina ƙirga rodin da suka shiga a fili: huɗu, takwas, sha biyu. A ta huɗu rodi ɗaya ya tokare bakin rami, farantin ya tsaya a sama da yatsa uku. Cindo ya ɗauko guduma zai lanƙwasa shi.

"Aje ta!" in ji Magaji. "Rodin da anka doka, ya karye a ciki, ba ka gani ba ne kawai."

Ya sa aka ɗan ɗaga, ya zura sandar ƙarfe ya tura farantin gefe kaɗan, ya ce a sake. Ji kake ƙwal, ya zauna. Sha shida.

Sannan ya fito da wasu ƙarafa masu kauri da ya yanko tun daga Yelwa, ya rufe kowane rami, ya ɗaure noti, ya bi su da walda. Na girgiza ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ko motsi.

Kwana sha ɗaya bayan haka aka yi ruwan farko, wutar banda tana ci a ƙarƙashin kwano. Magaji bai gani ba, yana Shanga kan wani aikin.